Aji Uku, Unguwar Kabo

Litinin, 6 ga Oktoba, 4:30 na yamma

An raba mana littattafan rubutu a taron yau don mu riƙa ɗaukar abin da aka tattauna. Musbahu yana da kwamfuta, shi zai rubuta na ofis, don haka na mayar da nawa na kaina.

Kwamiti ne na mutum biyar, an haɗa Gaya da Ajingi, Alhaji Abdulhakeem ne shugaba. Aikinmu mu tsara yadda makarantun firamare za su shiga sabon ma'aunin karatu da aka aiko mana. Takardar shafi sittin ce, amma naman cikinta layi biyu ne: kafin yaro ya bar aji uku ya iya karanta ɗan gajeren labari da Hausa, a yi masa tambaya uku ya amsa. Da Alhaji ya karanta wurin sai wani a cikinmu ya ce, "Au, to da can me ake yi?" Aka yi dariya. Ni ban yi ba. Shekara goma sha ɗaya ina zagaya makarantu, na san me ake yi.

Masu horarwa da littattafan da aka ba mu ba za su ishi kowa ba. Don haka za a gwada yara ashirin-ashirin na aji uku a makarantu arba'in. Goma sha biyun da suka fi rauni da su za a fara bana: bita ga malamai, littattafai, da mai zuwa duk mako ya zauna a aji. Sauran sai baɗi, in an ga baɗin.

Na ce a rubuta wannan ɓaro-ɓaro a takardar da za a aika wa hedimastoci. Alhaji ya ce a'a, idan suka san mai rauni ake nema, kowa zai ɓoye yaransa masu ƙoƙari. A rubuta kawai ana zuwa duba karatun yara. Na bar maganar. Yana da gaskiyarsa.

Alhamis, 9 ga Oktoba, bayan la'asar

Makaranta shida zuwa yau, ni da Musbahu. Ni nake miƙa wa yaro takarda in saurara, shi yake riƙe agogon waya yana shigar da sakamako. Uku cikin ashirin. Biyar. Ɗaya. A wata makaranta a bayan kasuwar Gaya babu ko ɗaya, kuma hedimastan ya rako mu har bakin titi yana tambaya ko sun yi ƙoƙari.

Musbahu yaron kirki ne, sai dai a birni ya tashi. Duk gonar da muka wuce sai ya tambaye ni wannan mene ne. Yau ya nuna wake ya ce gyaɗa.

Talata, 14 ga Oktoba, 5:15 na yamma

Unguwar Kabo, bayan Toranke. Makarantarmu, inda na yi aji ɗaya zuwa shida.

An share fili tas an yayyafa ruwa, an jera duwatsu an shafa musu farar ƙasa. Malam Da'u yana tsaye a ƙofa da babbar riga. Shi ya koyar da ni a aji uku, shi ya cike mini fom ɗin sakandare ya kai Gaya a kan keke. Yanzu shi ne hedimasta, saura wata bakwai ya yi ritaya. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce wa Musbahu, "Ka ga wannan? Ni na koya mata riƙe fensir, yanzu ita ta zo duba ni." Ya yi dariyarsa irin ta da, wadda kafaɗunsa ke rawa.

An yi gwaji. Goma sha bakwai cikin ashirin.

Musbahu har da tafi. A hanya ya ce yaran ƙauyen nan akwai girman jiki, gero ba ƙarya ba ne. An kawo mana fura da soyayyiyar zabuwa a ofishin Malam, ban iya ci sosai ba.

Na sa hannu.

Laraba, 15 ga Oktoba, safe

Ciwon kai. Na je aiki.

Juma'a, 17 ga Oktoba, bayan an sauko daga masallaci

Mun gama makarantunmu ashirin. Ɗaya rukunin da aka ba sauran ashirin ɗin ma sun gama.

Tun ranar Talata nake buɗe littafin nan in rufe. Bari in rubuta, tunda ba mai karantawa.

Yarinya ta bakwai da aka kira, da sunan Umaima aka kira ta daga rajistar aji uku. Ta ce "Na'am," ta taso. Hamdiyya ce, 'yar ɗan baffana Yusuf. Ina gidan ranar sunanta, ni na riƙe ta aka yi mata aski. Shekararta goma sha biyu, ajinta shida. Muka haɗa ido, ta sunkuyar da kai, ta karanta labarin tas cikin daƙiƙa arba'in. Daga nan na ɗaga kai na dubi sauran da kyau. Gwiwoyinsu ma ba sa shiga ƙarƙashin benci.

Malam yana tsaye bakin taga. Malamar ajin, Haulat, tana can ƙarshen ɗaki ta juya baya tana goge allon da babu rubutu a kansa.

Na ce wa Musbahu, "Na gaba."

Litinin, 20 ga Oktoba, 3:00 na rana

Musbahu ya haska sakamako a bango. Unguwar Kabo ce ta ɗaya a cikin arba'in, mai bi mata tana da tara. Ke nan ba ta cikin goma sha biyun, ba bita, ba littattafai.

Da nan abin ya tsaya da sauƙi. Alhaji ya miƙe baki har kunne ya ce ga shi nan, dama ya sha faɗa, ba kayan aiki ba ne, shugabanci ne. Za a mayar da Unguwar Kabo makarantar misali. A can za a yi bikin ƙaddamarwa ranar 17 ga Nuwamba, a gayyato baƙi daga Kano, a kwaso malamai su zo su ga yadda ake koyarwa, a ba Malam Da'u takardar yabo. Ya juyo ya ce, "Hajiya Suwaibatu, garinku ne, ba ki ce komai ba."

Na ce, "Alhamdulillahi."

Ranar Alhamis ta makon gobe za a rufe jerin sunayen a aika. In an aika, an gama.

Laraba, 22 ga Oktoba, bayan magariba

Haulat ta zo gida. Ba ta zo ofis ba, sai da ta hau mashin daga Toranke zuwa Ajingi, ta shiga mota zuwa Gaya, ta tambayo gidana. Shekararta ta biyu ke nan da fara koyarwa. Na kawo mata ruwa, ta riƙe kofin ba ta sha ba.

Ta ce, "Anti, da gaske ne mun ci, shi ya sa ba za a ba mu komai ba?"

Na ce haka tsarin yake.

Ta ce, "Yara tamanin da huɗu gare ni. Wallahi, Anti, waɗanda za su iya haɗa baƙi biyu su fitar da kalma ba su kai goma ba. Rubutawa nake a allo, in faɗa su maimaita, in faɗa su maimaita, har muryata ta dishe. In na goge allon, shi ke nan, kamar ba a yi ba. Ni ban san yadda ake yi ba. Ba wanda ya taɓa nuna mini. Da na ji za a yi bita har sadaka na yi."

Na ce ina Malam ya kai 'yan ajin nata ranar Talata? Ta ce cewa aka yi su zauna a gida su taya cirar gyaɗa, an ba su hutu.

Sai ta ce, "Kuma yanzu an ce ranar bikin ni zan tsaya in koyar a gaban mutanen Kano. Da waɗanne yaran?"

Ta ajiye kofin, ta gyara mayafi. A bakin ƙofa ta ce, "Ni dai na san kin gane Hamdiyya." Ba da faɗa ta faɗa ba. Da ma da faɗan ne, da na samu abin mayarwa. Kunya ta kama ni irin wadda rabona da ita tun ina yarinya.

Alhamis, 23 ga Oktoba, rana

Musbahu ya tambaye ni ko lafiya. Na ce lafiya.

Asabar, 25 ga Oktoba, 5:40 na yamma

Na je gidan Malam Da'u. Na tarar da shi a ƙofar gida a kan tabarma, da shi da jikoki ana tsigar gyaɗa. Ya ga fuskata, ya sallami yaran.

Na daɗe ina zagaye-zagaye, gaisuwa sau uku, ya gona, ya iyali, ya ƙafa. Sai da ya ce, "Suwaiba, ba gaisuwa ta kawo ki daga Gaya ranar Asabar ba."

Na bayyana masa tsarin duka. Mai rauni ake nema, shi za a ba. Ya tsaya da tsigar, ya dube ni kamar na yi masa wani yare.

Ya ce, "To me ya sa ba ku rubuta haka ba?"

Na ce an ga kamar in an rubuta za a yi maguɗi. Ya yi wata 'yar dariya, wannan karon kafaɗun ba su motsa ba.

Ya ce, "Shekara talatin da huɗu ina wannan aikin. Ban taɓa ganin wanda ya taso daga ofis ya zo duba makaranta don ya taimake ta ba. Zuwa ake a rubuta, a ci abinci, a tafi. Bayan wata ɗaya ka ji an ɗauke ka an jefa inda ko mashin ba ya zuwa. Haka muka tarar: baƙo zai zo, ka share fili, ka sa masu ƙoƙari a gaba. Ni ma haka aka koya mini. Ke kin manta shekarar da sufeto ya zo kika amsa sunan Naja'atu?"

Ban manta ba. Ina aji biyar aka mayar da ni aji uku na wuni ɗaya. Na karanta, sufeto ya shafa kaina, na yi mako guda ina faɗa wa kowa a gida. Ban taɓa ɗaukarsa a matsayin ƙarya ba sai yau a kan tabarmar nan. A lokacin gani nake an zaɓe ni.

Na ce, "Malam, ka rubuta musu da kanka. Ka ce an samu kuskure, a sake gwaji. In daga gare ka ya fito zai zo da sauƙi."

Ya ce, "Wata bakwai ya rage mini. Ki bari in fita da mutuncina, bayan nan ki yi abin da kika ga dama."

Na ce bayan wata bakwai yaran nan sun kusa barin aji uku, kuma an rufe jeri.

Ya ce, "Ku da muka koyar ba bita kun lalace ne?"

Na ce mu arba'in ne a ajinmu, kuma kai ne malaminmu. Yanzu tamanin da huɗu ne da yarinyar da ba a nuna wa komai ba. Na tambaye shi yaushe rabonsa da ya zauna a ajin. Nan na wuce gona da iri, na sani. Ya ci gaba da tsigar gyaɗarsa.

Da zan tafi ya ce, "In kin faɗa, kin faɗa. Amma ba da bakina ba." Duk da haka sai da ya sa aka cika mini leda da ɗanyar gyaɗa, kuma na karɓa.

Lahadi, 26 ga Oktoba, bayan azahar

Na faɗa wa Sadisu. Miji dai miji, tambayarsa ta farko ita ce, "Sa hannun wa ke kan takardar?" Na ce nawa. Ya ce to ki sani ba dattijon kaɗai za ki tona ba. Ya ce kuma gidanku yana garin, innarki tana garin, duk suna da biki sai kin je. Ya ce shi ba zai ce ki yi ko ki bari ba, amma ki daina zama kina kallon bango kamar an yi miki mutuwa.

Na dafa gyaɗar. Yara suka cinye.

Talata, 28 ga Oktoba, 2:20 na rana

An buga katin gayyata, da sunan makarantar da ruwan zinare. An riga an kai na Kano.

Alhaji ya ce ni zan rubuta jawabin yabon Malam Da'u tunda ɗalibarsa ce. Na zauna na rubuta, kuma bai ba ni wahala ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Keken da ya hau zuwa Gaya, ajin da ya yi wa jinka da hannunsa shekarar da iska ta yaye kwano, yaran Fulanin da yake bi har ruga ya dawo da su. Duk gaskiya ne. Layin ƙarshe ne kawai, inda ake so in sa goma sha bakwai cikin ashirin. Na bar wurin fili.

Laraba, 29 ga Oktoba, safe

Saƙo daga Haulat: "Anti an ce in fara koya wa 'yan aji shida darasin da za su yi ranar bikin."

Ban amsa ba.

Laraba, 4:00 na yamma

Har yanzu ban amsa ba.

Alhamis, 30 ga Oktoba, bayan la'asar

An yi.

Musbahu ya karanto makarantu goma sha biyu, Alhaji ya ce akwai mai gyara? Ya riga ya cire murfin biro. Ban shirya komai ba, na ji kawai bakina yana cewa, "Ranka ya daɗe, sakamakon Unguwar Kabo ba daidai ba ne. 'Yan aji shida aka gwada."

Kowa ya juyo ya dube ni.

Alhaji ya ce, "Wa ya faɗa miki?"

Na ce, "Ba wanda ya faɗa mini. Na gani da idona ranar. Akwai 'yar ɗan'uwana a ciki."

Ya ce, "Ranar? Kika sa hannu?"

Na ce, "Na sa."

Ya wanke ni tas, a gaban kowa. Kwana goma sha shida ina zaune da wannan, na bari ya yi waya Kano, na bari an buga kati, na bari ya faɗa wa manya ya gano makarantar da za a yi koyi da ita. Ya ce da wane ido zai kalle su. Ban kare kaina ba, don babu abin karewa. Abu ɗaya na ce, shi ma da na yi shiru: na ce da mun rubuta wa hedimastoci gaskiyar abin da muke nema, da ba a kai nan ba. Ya buga tebur ya ce yanzu kuma laifinsa ne.

Musbahu ya yi tsuru-tsuru. Can ya ce a hankali, "Ashe ba gero ba ne." Ba wanda ya yi dariya.

An ɗage aika jerin da mako ɗaya. Za a sake gwaji ranar Talata.

Na fito a kunyace. Amma ciwon kan ya tafi. Ban san ko in ji daɗin wannan ba.

Juma'a, 31 ga Oktoba, 11:00 na safe

Takardar tuhuma, in amsa cikin kwana biyu. Na amsa cikin minti goma, layi huɗu.

Asabar, 1 ga Nuwamba, yamma

Inna ta kira daga gida. Labari ya riga ni isa. Ta ce, "Suwaiba, Malam Da'un?" Na ce eh. Sai ta tambaye ni ya yara. Yusuf kuma ya aiko a faɗa mini in daina ambaton sunan 'yarsa a ofis. Ban ambata ba, amma ba ni da bakin musu.

Talata, 4 ga Nuwamba, 5:00 na yamma

An sake. Musbahu da wani daga ɗaya rukunin su suka yi gwajin. Ni an ce in je in tsaya kawai, tunda na san fuskoki.

Ba a share fili ba. Malam yana ofishinsa da 'yar shara, ba babbar riga. Na gaishe shi daga ƙofa, ya amsa bai ɗago ba. Na ɗauka a can zai zauna, amma da aka fara sai ga shi ya shigo ajin da rajista a hannu. Ya ce shi zai kira suna. Aka matsa masa gefen benci ya zauna.

Tamanin da huɗu a ɗaki ɗaya. Rabinsu a ƙasa. Sai yau na gan su, ƙanana da su, duk sun zuba mana ido.

Na farko ya riƙe takardar yana murmushi har minti ya cika. Na biyu ya karanto "a, ba, ca, da" da ka, ko kallon takardar bai yi ba. Ta bakwai Umaima ce, ta gaskiya, 'yar mitsitsiya da hijabin da ya yi mata yawa. Ta ɗora yatsa a hannun dama na layin, kamar yadda ake fara karatun allo, ta yi bisimilla a hankali, sannan ta tsaya. Ta ɗago ta kalli Malam, ba mu ba. Haulat ta ce mini daga baya yarinyar ta yi nisa a Islamiyya, ba ta da wasa.

Malam ya ci gaba da kiran suna. Muryarsa tana raguwa, amma bai tsallake kowa ba, kuma bai fita ba har na ashirin.

Biyu.

Musbahu ya miƙa masa fom. Ya karanta shi tun daga sama har ƙasa, ya sa hannu, ya buga hatimi. Sai ya juya wajen Haulat ya ce, "Tun yaushe suke haka?" Ta ce, "Tun da na zo, Malam." Ya ce, "Ba ki faɗa mini ba." Ta ce, "Na faɗa, ka ce in ƙara haƙuri." Ya gyaɗa kai.

Ni bai ce mini komai ba. Ba a kawo fura ba, kuma daidai ne.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, rana

An aika jeri. Unguwar Kabo tana ciki, ta uku daga sama. Wata makaranta ta Ajingi da ke ta goma sha biyu ta faɗo. Hedimastanta bai san sunana ba, Allah ya sa kada ya sani.

An fasa bikin, an ce saboda wasu dalilai. Ranar 17 za a fara bita kawai a nan Gaya, ba baƙi.

An cire ni daga kwamitin. Zan ci gaba da zuwa ofis, in riƙa yin abin da aka sa ni.

Litinin, 10 ga Nuwamba, bayan la'asar

An sauke Malam daga hedimasta. Zai ƙarasa watanninsa a matsayin malamin aji. Alhaji ya ce sassauci ne, saboda shekarunsa.

Shekara talatin da huɗu. Na shiga banɗakin ofis na yi kukana na wanke fuska. Na san abin da na yi daidai ne, na sake lissafa shi ta kowace fuska ya fito daidai. Bai hana ni jin kamar na ɗaga hannu na mari ubana ba.

Na kira Malam sau biyu. Tana shiga, ba a ɗauka.

Laraba, 12 ga Nuwamba, safe

Ban kira ba yau.

Alhamis, 13 ga Nuwamba, 4:45 na yamma

Haulat ta kira. Sabon hedimasta ya ba Malam zaɓi, ya ce ya ɗauki darasin addini a aji shida ya huta. Malam ya ce a'a, a raba aji uku biyu a ba shi rabi. Babu ɗaki, don haka yana ƙarƙashin darbejiya da yara arba'in da biyu, an jingina allo a jikin bishiyar. Ta ce jiya ta ji shi yana faɗa suna maimaitawa, yana faɗa suna maimaitawa, daga baya ta ji shiru. Da ta leƙa ta gan shi zaune ya riƙe alli yana kallonsu.

Na ce ya ambace ni? Ta ce a'a, Anti.

Litinin, 17 ga Nuwamba, 5:30 na yamma

Ranar farko ta bita. Aikina shi ne in zauna a bakin ƙofa da takardar halarta, kowa ya rubuta sunansa da makarantarsa da ajinsa, in ba shi littafi da biro. Wata guda da ya wuce ni na tsara jadawalin da ke manne a bayana.

Malamai sun fara zuwa tun bakwai da rabi, yawancinsu yara ne, wasu na goye. Haulat ta zo da wuri har da sabon mayafi. Ina cikin miƙa biro na ɗago na ga Malam a layi, tsakanin wasu samari biyu da ya haifi kamarsu. Babu sunansa a cikin waɗanda aka gayyata. Haulat ta ce tun asuba ya fito, mashin ɗaya suka hau zuwa Ajingi.

Da layi ya zo kansa na sauko daga kujera na durƙusa. Na ce, "Malam, ina kwana." Ya ce, "Lafiya lau," irin wadda ake ce wa kowa a hanya. Bai kalle ni ba. Ya sunkuya ya rubuta sunansa da rubutun nan nasa mai kwanciya, ya rubuta makaranta, a gurbin aji ya rubuta 3. Littattafan an ƙirga su daidai da sunaye, don haka na ba shi wanda aka ware wa ofis. In an tambaya zan amsa.

Ya wuce ya zauna a layin gaba.

Mai horarwar yarinya ce, ba ta fi talatin ba. Ta ce yau ba sunan baƙi za a koya ba, sautinsa za a koya, kowa ya ajiye girmansa ya zama ɗan aji ɗaya. Ta rubuta baƙi a allo ta furta, ta ce a maimaita. Samarin suna ta ƙunshe dariya, suna faɗa ciki-ciki. Murya ɗaya ce ta fito sosai, kuma na san ta tun ina shekara takwas.

An ce in mayar da takardar ofis da zarar an gama rubuta suna. Ban mayar ba sai azahar. Na zauna a bakin ƙofa ina jin sa yana maimaitawa.